Yadda ake magance ciwon gefen kwatangwalo ga mai laushin gaɓoɓi

A kowace unguwa akwai yaran da ake ce wa marasa ƙashi. Yarinya ta lanƙwaso babban yatsanta har ya taɓa sangalin hannu, ko ta tsaya gwiwarta ta koma baya, ko ta sunkuya ta shimfiɗa tafukanta a ƙasa ba tare da gwiwa ta lanƙwashe ba. Da yawansu haka za su tsufa lafiya lau. Wasu kuwa, galibi mata, da an haihu biyu ko uku, ko an doshi shekara 40, sai ciwo ya kama gefen kwatangwalo, daidai ƙashin nan da ke taɓa tabarma idan an kwanta ta gefe. Da dare ya hana barci, da rana ya hana hawa matakala da doguwar tafiya. Aka saba a ce sanyi ne, a sha magani, a yi tausa, a ja ƙafar a miƙe ta. Ga mai laushin gaɓoɓi, jan ƙafar nan da miƙewar su ne ke ƙara rura ciwon. Da mace za mu yi magana a nan don mata ya fi kamawa, amma namiji ma matakan da zai bi ke nan.

Abin da ke faruwa a wurin

Ki ɗora tafin hannu a gefen cinya ta sama, kamar faɗin hannu ɗaya ƙasa da inda ake ɗaura zani. Za ki ji wani tudun ƙashi, wanda yake ɓangare ne na ƙashin cinya. A kansa jijiyoyin tsokoki 2 na gefen ɗuwawu suka kama, kuma aikin tsokokin nan shi ne riƙe ƙugu kada ya karkace duk lokacin da kika ɗaga ƙafa ɗaya. Ta saman tudun kuma wani faffaɗan tantani mai tauri ya ratsa, tun daga ƙugu har ƙasan gwiwa ta waje. Tsakanin ƙashin da tantanin akwai 'yar jaka mai ɗan ruwa mai santsi, wadda likitoci ke kira bursa. Aikinta aikin gammo ne: ta shiga tsakanin kaya da ƙashi. Idan matsi ya yi mata yawa sai ta kumbura, ta tara ruwa, ta yi zafi.

Sau da yawa idan aka yi hoton wurin, ana tarar da jijiyoyin tsokar ne suka fara gajiya, kumburin jakar ya biyo baya. Shi ya sa wanda ya tsaya kan maganin kumburi kawai yake samun sauƙin 'yan makonni, ciwon ya dawo.

To ina laushin gaɓoɓi ya shigo? Jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi an gina su ne da wani sinadari mai suna kolajin. Mai laushin gaɓoɓi gadon kolajin mai saurin saki ta yi, don haka gaɓarta tana wuce inda ta sauran mutane ke tsayawa. Abu 3 ke biyo bayan wannan. Tsoka ce ke ɗaukar aikin riƙon da jijiya ta gaza, sai ta riƙa gajiya da wuri. Idan ta gaji, mutum ya nemi hutu a tsaye ta hanyar turo ƙugu gefe ɗaya ya rataye nauyinsa a kai, gwiwa a ƙulle ta baya. Wannan tsayuwar tana ɗame tantanin nan a kan tudun ƙashin, ta matse jijiya da jakar a ƙasa, kuma mai laushi tana turo ƙugun fiye da kowa domin babu abin da ke taka mata birki da wuri. Na uku, jikinta ba ya saurin sanar da ita inda gaɓa take, sai ta daɗe a karkace ba ta sani ba. Ki haɗa wannan da cewa duk takun da mutum ya yi, kwatangwalon ƙafar da ke ƙasa yana ɗaukar kusan ninki 3 na nauyin jiki, za ki ga dalilin da wurin ke ƙin warkewa.

Mataki na 1: auna laushin

Akwai gwaji mai maki 9 da ake kira ma'aunin Beighton, wanda aka wallafa a 1973 bayan an gwada shi a kan mutanen wani ƙauye a Afirka ta Kudu. A gida ma ana iya yi, amma a samu wani ya duba daga gefe.

Ki kifa tafin hannu a kan tebur, ki ɗaga ƙaramin yatsa baya da ɗaya hannun. Idan ya miƙe tsaye cak har ya wuce digiri 90, maki 1 ga kowane hannu. Ki lanƙwaso babban yatsa ta ciki. Idan ya taɓa sangalin hannu, maki 1 kowane gefe. Ki miƙe hannu sosai; idan gwiwar hannu ta lotsa baya fiye da digiri 10, maki 1 kowane gefe. Haka gwiwar ƙafa idan kin tsaya. Na ƙarshe, ki haɗa ƙafafu, gwiwa a miƙe, ki sunkuya. Idan tafukan hannu duka sun kwanta a ƙasa, maki 1.

Bisa ƙa'idar da likitoci suka amince da ita a 2017, maki 5 zuwa sama daga balaga har shekara 50 shi ne laushin gaɓoɓi, maki 4 ga wanda ya haura 50, maki 6 ga yaron da bai balaga ba. Laushin yana raguwa da shekaru, don haka dattijuwar da ta ci maki 3 yau amma ta tuna tana iya waɗannan abubuwa a ƙuruciya, ta lissafa kanta a ciki. Gwajin sau ɗaya ake yi. Kada a riƙa maimaita shi don nuna wa mutane.

Mataki na 2: tabbatar da irin ciwon

Ki kwanta a gefen da ba ya ciwo, ki danna tudun ƙashin nan da yatsa. Idan nan ne bakin ciwon, za ki zabura. Sannan ki tsaya kusa da bango, yatsa ɗaya a jikinsa, ki ɗaga lafiyayyar ƙafar ki tsaya a kan mai ciwon na daƙiƙa 30. Idan ciwon da kika sani ya taso a gefen kafin lokacin ya cika, wannan alama ce mai ƙarfi. Ciwon yakan sauko ta wajen cinya ya tsaya kafin gwiwa ko daidai ita, kuma sanya takalmi ko tsugunawa ba su cika gagara ba.

Akwai alamun da idan an gan su, a ajiye wannan bayani a nufi asibiti. Ciwo a matsematsi tare da ɗingishi da ƙagewar ƙafa daga cikin gaɓar yake fitowa. Ga mai sikila musamman, yana iya zama kan ƙashin cinya ne jini ya daina isa gare shi, kuma jinkiri a nan yana jawo nakasa. Zazzaɓi tare da kumburi mai zafi, ko kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, ko rama da zufar dare da tari mai daɗewa, ko ciwon da ke tasowa daga baya ya sauka har tafin ƙafa da mutuwar jiki, ko kasa riƙe fitsari: babu ɗaya daga cikinsu da motsa jiki zai warkar. Yaro mai ɗingishi ma likita ne zai fara ganinsa.

Mataki na 3: sauke matsin

Wannan matakin shi ne rabin magani, kuma ba ya cin ko kwabo. Ƙa'idar guda ce: duk yanayin da zai sa gwiwa ta ƙetaro tsakiyar jiki, ko ƙugu ya turu gefe, yana matse wurin.

Kwanciya ta fi komai muhimmanci, don awa 6 zuwa 8 ake yi a cikinta. Kwanciya a kan gefen da ke ciwo matsi ne kai tsaye, balle a watannin Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato ke kora mutane tsakar gida, a shimfiɗa tabarma a kan siminti. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, kwanciya a ɗaya gefen ma tana cutarwa, domin ƙafar sama tana faɗowa gaba ta ƙetare ta ƙasa, tantanin ya ɗame har asuba. Mafi kyau a kwanta rigingine da matashi a ƙarƙashin gwiwoyi. Wadda ba ta iya barci sai ta gefe, ta kwanta a lafiyayyen gefen, ta sa matashi mai kauri, ko 2, tsakanin ƙafafu tun daga gwiwa har idon sawu, yadda gwiwar sama za ta yi daidai da tsayin ƙugu. Matashi ɗan siriri aikin banza ne. Idan duka gefen biyu ke ciwo, a ƙara soso mai laushi kamar kaurin yatsu 4 a kan shimfiɗar.

A tsaye, ƙafafu su buɗe daidai faɗin ƙugu, nauyi ya rabu biyu, gwiwa ta ɗan saki kaɗan. Wajen girki, wajen guga, a layin asibiti, a rumfar kasuwa, duk lokacin da kika kama kanki kin jingina a ƙafa ɗaya, ki gyara. Idan tsayuwar ta gundure ki, zama ya fi ratayewa a ƙugu. Saɓa yaro a kwankwaso shi ne mafi munin wannan tsayuwa, domin an turo ƙugu kuma an ɗora masa kilo 10. A goya shi a tsakiyar baya, ko a rungume shi a gaba. Bokitin ruwa ma gara a raba shi biyu, kowane hannu rabi.

A zaune, a daina ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, a daina zaman da ake kwantar da ƙafafu duka biyu gefe guda a kan tabarma. Kujera 'yar tsugunno tana sa gwiwa ta fi ƙugu tsawo. A ɗora mata matashi, ko a koma kujerar roba har wurin ya lafa. Gwiwoyi su ɗan rabu, kada su manne.

Zaman tahiya yadda aka saba a nan, ɗuwawun hagu a ƙasa, yana iya tayar da ciwon idan hagun ne. A ninka darduma ko a sa soso a ƙasa. Idan duk da haka yana tashi, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba marar lafiya damar yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara, kuma malamin unguwa zai yi bayanin yadda za a yi da kujera na 'yan makonni.

Tafiya kada a daina ta. A rage faɗin taku, a bi ƙasa mai tauri shimfiɗaɗɗiya, a kauce wa rairayi mai zurfi da gefen titi mai gangara. A fara da minti 10 bayan asuba ko bayan la'asar, a ƙara minti 2 ko 3 duk mako. A matakala a kama ƙarfe, lafiyayyar ƙafa ta fara hawa, mai ciwo ta fara sauka. Wadda ke ɗingishi ta riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ciwon ba. Masu laushin gaɓoɓi da yawa tafin ƙafarsu shimfiɗaɗɗe ne, kuma silifa mai santsi tana sa gwiwa faɗawa ciki; takalmi mai maɗauri a dunduniya ya fi.

Abin da za a bari

Wurin yakan ji kamar ya ɗaure, sai zuciya ta raya wa mutum ya jawo gwiwa zuwa ɗaya kafaɗar ya miƙe shi. Daɗin na minti 5 ne, da dare a biya bashi. Tsokar ta ɗaure ne don tana fama da riƙe gaɓa mai saki, kuma wannan miƙewar ita ce ainihin yanayin da ke matse jakar. Haka murza kwalba ko danna gwiwar hannu a kan tudun ƙashin. Idan za a yi tausa, a yi ta a naman ɗuwawu, a bar ƙashin. Mai ɗori ba shi da aiki a nan tunda babu abin da ya karye ko ya goce, kuma fizgar ƙafar mai laushin gaɓoɓi haɗari ne. Wasu suna jin wani abu na yin ƙas a gefen idan suna tafiya su zaci gocewa ce. Tantanin ne ke tsallake tudun ƙashin, kuma kada a mayar da sa shi yin ƙas ɗin al'ada. Tsaga da sakiya a wurin kuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, ga shi wasu masu irin wannan jiki fatarsu ba ta saurin haɗewa.

Mataki na 4: ƙarfafa tsokar

Kafin a fara, a riƙe wannan ma'auni. Ki ba ciwonki maki daga 0 zuwa 10. Lokacin motsa jiki an yarda ya kai 3. Idan ya wuce haka, ko ya ƙaru da dare, ko bai koma yadda yake ba cikin awa 24, an yi yawa: a rage rabi, kada a daina gaba ɗaya.

Mako na 1 da na 2, kullum safe da yamma. Ki kwanta rigingine, matashi a ƙarƙashin gwiwoyi, ƙafafu a buɗe ɗan fiye da faɗin ƙugu. Ki ɗaura ɗankwali ko bel ya zagaye cinyoyin biyu sama da gwiwa kaɗan. A hankali ki tura ƙafafun waje kamar za ki tsinka shi, da kusan kwata na ƙarfinki, ki riƙe daƙiƙa 10, ki saki. Sau 10. Ƙafar ba ta motsi, tsokar ce kawai ke aiki. Ki sa yatsu a gefen ɗuwawu ki ji ta yi tauri. Idan gaban cinya ne ya ɗauki aikin, kin yi da ƙarfi da yawa. Bayan wannan sai ɗaga ƙugu: gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ki danna dunduniya ki ɗaga ɗuwawu har cinya da ciki su daidaita, ki riƙe daƙiƙa 3, ki sauko a hankali. Sau 10. Masu laushi sukan zarce su gantsare baya, sai kwankwaso ya ɗauki ciwo. A tsaya kafin nan. Na uku, tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, a ƙirga 3 wajen tashi, 3 wajen zama, gwiwa tana kallon yatsan ƙafa na biyu. Sau 10.

Mako na 3 zuwa na 6. A ci gaba da na ɗankwali kullum, sauran a koma yin su kwana 3 a mako, ana tsallake rana, kowanne zagaye 2 zuwa 3. Wajen ɗaga ƙugu, a matso da ƙafar mai ciwo kusa da ɗuwawu, lafiyayyar ta yi gaba, don nauyi ya koma kan mai ciwon. A ƙara taku gefe-gefe: taku 10 dama, 10 hagu, gwiwa a sake, kada ƙafafu su haɗe a tsakiya. A ƙara tsayuwa da ƙafa ɗaya a gaban madubi, hannu a bango, daƙiƙa 5 har a kai 15. Madubin ba ado ba ne. Mai laushin gaɓoɓi za ta rantse a miƙe take alhali ƙugunta ya zube gefe, don haka ido zai yi aikin da jiki bai yi ba: ki ɗaura zani daidai, ki tabbata bakinsa bai karkace ba.

Mako na 7 zuwa na 12. Yanzu ake ƙara nauyi. A yanko roba daga tsohon tib na keke a ɗaura sama da gwiwa wajen taku gefe-gefe, daga baya a sauko da ita idon sawu. A hau bulo ko dakali mai tsawon santimita 10 zuwa 15 da ƙafar mai ciwo, a sauko a hankali, sau 8 zuwa 10. Idan ya yi sauƙi a riƙe galan mai lita 4 ko 5 a ƙirji. A gwada ɗaga ƙugu da ƙafa ɗaya. Abu ɗaya ake ƙarawa a mako, ko yawa ko nauyi, ba duka biyu ba.

Akwai motsin da ake yawan gani a bidiyon waya, a kwanta ta gefe ana ɗaga ƙafa sama ko ana buɗe gwiwa ana rufewa. A farkon ciwo a bar su, domin gefen da ke ƙasa yana shan matsi, na sama kuma yana faɗowa ya ƙetare. Kuma mai laushin gaɓoɓi ta sa a ranta cewa tata tafiyar ta fi ta kowa jinkiri: wata 3 kafin sauƙi ya zauna, wani lokaci wata 6. Wadda ta haihu kwanan nan ta fara da na mako na 1 kawai har sai ungozoma ko likita sun duba ta.

Magani da allura

Ledar fiya wata mai ƙanƙara, a naɗe cikin tsumma, a ɗora minti 10 zuwa 15, tana kwantar da zugi bayan aiki. Wadda ɗumi ya fi yi wa daɗi ta gasa naman ɗuwawu da tawul. Farasitamol na babba ƙwaya 2 ne masu miligiram 500, kada a wuce sau 4 a awa 24. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma a sha bayan abinci, na kwanaki kaɗan, kuma kada a haɗa biyu. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu su tambayi likita tukuna. A lokacin zafi ko azumi, da jiki ke ƙarancin ruwa, waɗannan ƙwayoyi sun fi taɓa ƙoda. Haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis, wanda ba a san abin da ke ciki ba, a guje shi, haka taramol. Wani abin lura kuma: ciprofloxacin da danginsa, da ake yawan sha da sunan taifot, an san suna raunana jijiyar tsoka, don haka mai wannan ciwo ta faɗa wa likita kafin a rubuta mata.

Allurar rage kumburi da ake yi a cikin jakar tana ba da sauƙi na makonni. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2018 ya kwatanta ta da koyar da kauce wa matsi haɗe da motsa jiki, kuma masu motsa jikin ne suka fi samun sauƙi a mako na 8, haka bayan shekara. Amfaninta shi ne ga wadda ciwo ya hana barci har ta kasa fara motsin. Likita ne kaɗai zai yi ta, maimaita ta akai-akai yana raunana jijiyar, kuma tana ɗaga sukari na 'yan kwanaki ga mai ciwon suga.

Idan an yi wata 3 ana bin matakan nan babu canji, ko ɗingishi na ƙaruwa, a je sashen gashin ƙashi ko na likitocin ƙashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Hoton ƙashi zai nuna lafiyar gaɓar, amma jakar da jijiyar sai a sikanin ko hoton na'urar MRI ake ganinsu, kuma a nan ake gane ko jijiyar ta yage. A faɗa wa likita makin da aka ci a gwajin laushi tun a farko, domin yana canja irin motsin da za a tsara. A kuma ambata idan fata tana jawuwa fiye da kima, ko rauni na barin tabo mai faɗi, ko gaɓa ta taɓa gocewa ba tare da wani babban dalili ba, ko jiri na ɗibar mutum in ya miƙe, ko akwai ƙaba ko zazzagowar mahaifa, ko wani a dangi ya rasu farat ɗaya da ciwon zuciya yana matashi. Waɗannan ne ke sa likita ya bincika ciwon Ehlers-Danlos ko na Marfan, cututtukan gado da ke zuwa da laushin gaɓoɓi, ya kuma tura a duba zuciya da ido idan da buƙata.